Godiya ga mutanen Tawa da suka riƙe mana darasin marece

Assalamu alaikum ƴan uwa na gida da na cirani. Ranar Asabar muka rufe darasin marece na bana, an ci dambu an sha lemu, yara sun yi karatu gaban iyayensu. Na so in yi godiya a wurin, murya ta ƙi. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Abin ya samo asali ne daga ruwan 2024. Kun tuna yadda ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa lakol daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa da yawa cike suke da waɗanda gidajensu suka rushe. Yaran layinmu sai yawon tabki da tallar goro. Ni kuwa tsohuwar madam ce da ta aje alli, zama ya ishe ni. Na shimfiɗa tabarma biyu a ƙofar gida bayan la'asar, na kira ƴaƴan maƙwabta. Da aka koma lakol na zaci za su watse, sai ma ƙaruwa suka yi, har muka haura arba'in.

Godiyata ta farko ga Baba Majo take. Shekarunsa nawa yana riƙe da CSI, wato ƙaramar likita, kafin ya huta, amma da na je gaishe shi na ba shi labarin wani yaron CE2, wato aji huɗu, da kullum yake kwance kan tabarma, bai bar ni na ƙarasa ba ya ɗauki hularsa. Ni duk ɗaukata ƙiwuya ce. Baba ya ja fatar idon yaron ƙasa, ya nuna mini cikinta fari fat, ya kai shi gefe suka yi magana a hankali. Ashe wata da watanni yana fitsarin jini, tsargiya ce daga wankan tabki, kunya ta hana shi faɗa wa ko uwarsa. Aka kai shi likita, aka ba shi praziquantel da maganin ƙarin jini. Yaron nan da na kusa tsinka wa bulala shi ne ya karanta mana shafi guda ranar Asabar, bai yi tuntuɓe ba. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ni ma ka koya mini darasi da tsufana.

Shi ne kuma ya buɗe mini ido kan abin da ban taɓa lura ba. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, maganin rigakafin masassara da ake bi gida gida da shi lokacin damina ma na ƴan wata 3 zuwa wata 59 ne. To namu duk sun wuce nan, ƴan 7 zuwa 12 ne. Idan jikinsu ya yi zafi sai abin da aljihun uwa ya iya, uban kuwa yana Abijan ko Libiya. Sai a sayo ƙwaya biyu wurin mai tebur a jira ikon Allah. Dalilin da ya sa muka buɗe ƙaramin asusu ke nan.

Asusun nan ƴan cirani suka raya shi. Ƙannena na Abijan, ku da kuke tura jika biyu, jika biyar ƙarshen wata ba tare da kun ga yaran ba, ku sani kuɗinku ne suka biya gwaji da magani daren da wata yarinya ta fara jijjiga da zazzaɓi wajen ƙarfe ɗaya. Ɗan kabu-kabun da ya kai su likita ya ƙi karɓar ko dala, ya ce ƙanwarsa ce. Ɗana, ban ma san gidanku ba, Allah ya tsare maka hanya.

Ina godiya ga Hajiya mai koko da take aiko mana bokiti guda kowace Talata da Alhamis. Na gwada, ranar koko lissafi ya fi shiga. Ga samarin fada da suka tashi daga kan shayi suka sake kafa mana rumfa da iska ta kwashe ta. Ga ƴan matan lise biyu da suke zuwa bayan nasu karatu su riƙe ƴan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu. Ga Malam na makarantar allo da ya matsa da lokacinsa don kada yaro ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Mai unguwa ma ya tsaya mana. Akwai wanda ya zo ya ɗauki hoto ya yi alkawarin benci ashirin, har yau muna kan tabarma, shi ma mun gode da ziyara.

Wasu iyaye sun yi mini ƙorafi da farko, wai me ya sa nake fara musu karatu da Hausa alhali jarrabawa da Faransanci ake yi. Na ce su ba ni wata uku. Yaron da ya gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa cikin harshen da yake mafarki da shi, ba ya daɗewa wurin kama na Faransanci. Da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ɗaya daga cikinsu ta zo tana dariya ta ce Madam ke kika riga su.

Iyaye mata, ku kuka fi kowa hasara, don kowane marece da kuka saki yarinya daga talla ciniki ne ya tafi. Na sani, na kuma gode.

Za mu koma mako guda bayan an buɗe lakol, in Allah ya kai mu. Kafin nan ku sa su kwana cikin gidan sauro, damina ce. Mai kaye ko bik da ya rage, ko tsohon allo, ƙofata a buɗe take. Kuma wadda ta manta babban faranti mai fure ranar Asabar, yana wurina, na wanke shi.