Inda Laushin Miyar Karas Yake Fitowa

Karon farko da na dafa miyar karas irin wadda ake markaɗewa a sha da cokali, abin da na sauke daga kan wuta bai wuce ruwa mai launin lemo ba, ga wani zaƙi salam kamar na abincin jarirai. Na yanka karas ne na zuba a ruwa mai yawa, na bar shi ya yi ta tafasa har ya yi ligif, na barbaɗa garin kayan ƙamshi a kai, sannan na markaɗe. Da na ɗanɗana na ji babu armashi, sai na ɗauka madara ce ta yi kaɗan, na ƙara, na sake ƙarawa, har launin ya koɗe, ɗan ƙamshin cittar da ke ciki kuma ya ɓace ɓat. Sai bayan na maimaita girkin sau da dama na gane cewa kauri da santsin da ake nema a wannan miya daga jikin karas ɗin kansa suke fitowa, madara kuwa ɗan taɓi ce kawai da ake yi a ƙarshe. Duk wanda ya dogara da ita don ta rufe masa gaggawar da ya yi a farkon girki, zai ƙare da tukunyar madara mai warin karas.

Aikin yana farawa tun daga zaɓen karas. Wanda ya fi dacewa shi ne matsakaici, mai ƙarfi, wanda idan an lanƙwasa shi zai karye da ƙara, domin wanda ya yi laushi yana lanƙwasuwa ya riga ya rasa ruwansa, manyan da suka tsufa a ƙasa kuma sukan yi zuciya mai tauri kamar itace, wadda ko an markaɗa ta sai ta bar zare-zare a baki. Idan kan karas ɗin ya yi kore saboda rana ta doke shi, a yanke wurin a yar, ɗaci ke gare shi. Akwai kuma wani abu da na daɗe ban lura da shi ba: karas ɗin da aka adana kusa da tuffa ko ayaba mai nuna yakan ɗauki ɗaci, saboda iskar etilin da waɗannan 'ya'yan itatuwa ke fitarwa tana sa shi ya samar da wani sinadari mai ɗaci a jikinsa. Tun da na raba musu wuri a firij ban sake gamuwa da wannan matsala ba. Launin lemon da muka saba gani ma ba shi ne na asali ba, domin karas ɗin da aka fara nomawa a yankin Afganistan da Farisa wajen ƙarni na 10 shunayya ne da rawaya, mai launin lemo kuwa manoman ƙasar Holan ne suka bunƙasa shi wajen ƙarni na 17. Shi ne ya fi dacewa da wannan miya, don shunayyan idan an markaɗa shi da madara yakan ba da wani launi mai duhu da ba ya jan ido.

Matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne abin da ake yi wa karas kafin ya ga ruwa. Kusan kashi 88 cikin 100 na nauyin ɗanyen karas ruwa ne, sukarin da ke cikinsa kuma bai wuce giram 5 a cikin kowane giram 100 ba. Idan an jefa shi kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, zafin ba zai taɓa wuce digiri 100 ba, sukarin zai narke ne kawai ya bi ruwa, a sami zaƙi marar zurfi. Amma idan an gasa shi, ruwan jikinsa yana ƙafewa, gefensa ya ɗauki zafin da ya isa sukari ya fara ƙuna ya yi ja, daga nan ne wani ɗanɗano mai kama da na gasasshen abu yake fitowa, wanda babu wani kayan ƙamshi da zai iya maye gurbinsa. Nakan ɗauki karas kilo 1, in fere, in yanka shi gunduwa-gunduwa daidai kaurin babban yatsa, in cakuɗa da man zaitun cokalin cin abinci 2 da gishiri kaɗan, in baza a faranti, in saka a obin mai zafin digiri 200 na tsawon minti 30 zuwa 35, ina juya shi sau ɗaya a tsakiya. Bazawar tana da muhimmanci, domin idan gutsattsarin suka hau kan juna tururi ne zai dafa su, ba za su yi ja ba. Alamar da nake jira ita ce gefe-gefensu ya yi ruwan ƙasa, fatar ta ɗan motse, wuƙa kuma ta shige ba tare da an danna ba. Baƙi ƙirin ba a nemansa, ɗaci zai kawo.

Wanda ba shi da obin ba zai rasa komai mai yawa ba, muddin yana da haƙuri. Sai ya yanka karas ɗin sirara, ya zuba a tukunya mai kaurin gindi tare da mai ko bota, ya rage wuta, ya rufe na minti 10 don ya saki ruwansa, sannan ya buɗe ya ci gaba da juyawa har ruwan ya ƙafe, a fara jin ƙarar suya, gindin tukunyar ya ɗan kama ja. Wannan jan da ke manne a gindi dukiya ce, idan an zuba romo daga baya sai a kankare shi da ludayin katako ya narke cikin miyar.

Man da ake sakawa yana da wani amfani bayan ɗanɗano. Sinadarin da ke ba karas launinsa, wato bita-karotin, wanda jiki ke sarrafawa ya koma bitamin A, a cikin mai yake narkewa, ba ya narkewa a ruwa. Saboda haka dafaffen karas da aka ci da ɗan mai ya fi ɗanye sakin wannan sinadari ga jiki, shi ya sa ba na rage man miyar ko da ina son ta yi sauƙi.

Yayin da karas ke gasuwa nakan koma kan albasa. Babba guda ɗaya ta isa, a yanka ƙanana, a soya a hankali kan wuta marar ƙarfi har ta yi laushi ta zama garai-garai, abin da ke ɗaukar kamar minti 8. Daga nan sai tafarnuwa ƙwaya 3 da ɗanyar citta mai tsawon rabin yatsa, duka a goge ko a daka. A nan ne kuskurena na farko ya fito fili. Yawancin sinadaran da ke ba kayan ƙamshi ƙamshinsu a mai suke narkewa, don haka garin da aka barbaɗa a kan ruwa yakan tsaya ɗanye, a ji shi kamar ƙura a maƙogwaro. Abin yi shi ne a zuba su cikin man da ke tare da albasa, a juya na daƙiƙa 30 zuwa minti 1, har ƙamshi ya tashi ya cika ɗakin girki, sannan a yi maza a zuba ruwa kafin su ƙone. Ni nakan sa kumin cokalin shayi 1, 'ya'yan koriyanda cokalin shayi 1, kurkum rabin cokali, da barkono ɗan tsunkule. Idan kumin da koriyandar ba gari ba ne, in soya su a busasshen kasko har su fara ƙamshi in daka a turmi, bambancin da ke tsakanin wannan da garin da ya yi watanni a kwalba ba ƙarami ba ne. Ban yarda da yawaita kirfa ko kanumfari a wannan miya ba, duk da cewa akwai masu son su. Karas ya riga ya zo da zaƙinsa, kayan ƙamshi masu zaƙi-zaƙi kuma ƙara tura shi suke yi zuwa ɓangaren kayan zaƙi, alhali abin da yake bukata shi ne wanda zai ja masa linzami, irin yajin citta da ɗan ɗacin kumin.

Batun ruwa kuwa, ƙa'idata ita ce a fara da kaɗan. Ga karas kilo 1 nakan ajiye romo lita 1 a gefe, na kayan lambu ko na kaza, amma bayan na juye gasasshen karas ɗin a kan albasar, kashi uku cikin huɗu kawai nake zubawa da farko, daidai yadda zai rufe karas ɗin da ƙyar. Miyar da ta yi kauri ana tsinka ta cikin daƙiƙa kaɗan, wadda ta yi ruwa kuwa sai an daɗe ana tafasa ta, ƙamshi yana tafiya tare da tururi. Bayan ta tafaso sai in rage wuta, ta yi ta ɓararraka a hankali na minti 15, ko fiye da haka idan karas ɗin a tukunya aka soya shi. Gwajin shi ne a danna gutsure ɗaya da bayan cokali a jikin tukunya, idan ya murƙushe ba tare da gardama ba to ya yi. Wasu sukan ƙara ƙaramin dankalin turawa guda ɗaya don sitacinsa ya riƙe miyar, dabara ce mai kyau idan karas ɗin ƙarami ne mai yawan ruwa, sai dai kada a wuce guda ɗaya, domin dankalin da aka daɗe ana markaɗawa yakan yi danƙo.

Markaɗe shi ne wurin da na taɓa shan wahala. Wata rana na cika bilenda kusan baki da miya mai zafi, na rufe murfin gam, na kunna. Tururin da ya taru ya cilla murfin sama, miyar ta fantsama har silin, ta ƙona mini bayan hannu, tabon kurkum kuma ya zauna a bango ya ƙi fita duk gogar da na yi masa. Tun daga ranar nake barin miyar ta huce na minti 10, ba na wuce rabin bilenda a zubi ɗaya, in cire ƙaramin toshin da ke tsakiyar murfi in dafe wurin da tsumma mai tsabta, in fara da ƙaramin gudu kafin in ƙara. Yawancin mutane sukan kashe na'urar da zarar sun daina ganin gutsattsari, wato bayan kamar daƙiƙa 20, nan kuwa aikin bai yi rabi ba. A bar ta ta yi minti 2 cur a kowane zubi. A cikin wannan lokaci ne naman karas ke nikewa sosai, man da ke ciki ya rarrabu ya haɗe da ruwan, launin ya ɗan yi haske, miyar ta riƙa sheƙi tana bin bayan cokali tun ba a sa ko ɗigon madara ba. Idan bilendar ba ta da ƙarfi, a tace miyar a rariya mai ƙananan idanu ana dannawa da ludayi, zaren citta da ɓawon koriyanda za su tsaya a sama.

Sai a wannan gaɓa madara ke shigowa, bayan an mayar da miyar tukunya a kan wuta ƙasa-ƙasa. Na fi son madarar kwakwa, mililita 150 zuwa 200, domin tana jituwa da citta da kurkum, kuma ba ta da saurin tsinkewa. Kirim mai kauri ma yana yi, mililita 100 ya wadatar, yawan man da ke cikinsa ne ke hana shi guda-guda. Madarar shanu ta yau da kullum da yogot su ne masu rigima, idan sun haɗu da tafasa ko tsami furotin ɗinsu yakan dunƙule, miyar ta yi tsaki-tsaki. Wanda zai yi amfani da yogot gara ya ɗiga shi a kwano lokacin sha. Haka kuma kada a goga ɗanyar citta cikin miyar da ke da madarar shanu da nufin ƙara mata yaji a ƙarshe, don ɗanyar citta tana da wani sinadari da ke daskarar da madara mai ɗumi, dahuwa ce ke kashe ƙarfinsa.

Abu na ƙarshe da ke shiga tukunya shi ne ruwan lemun tsami, kuma rashinsa ne rabin abin da ya sa miyata ta farko ta yi salam. Nakan fara da cokalin shayi 2, in juya, in ɗanɗana, in daidaita gishiri, in sake ɗanɗanawa. Ba a son a ji tsamin a fili, ana son ya yanke zaƙin ne kawai har kumin da citta su fito daban-daban a harshe. Dalilin jinkirta shi kuwa shi ne tsami yana hana kayan lambu yin laushi, idan an sa shi tun farko karas zai daɗe bai nuna ba, ƙamshin lemun kuma ya gudu da zafi. Idan romon da aka yi amfani da shi yana da gishiri, a yi hattara da gishirin da ake sa wa karas tun wajen gasa shi.

Wannan awo yana cika kwano 4 zuwa 5. Saboda miyar santsi ce zalla, nakan so wani abu mai garas-garas a samanta, kamar soyayyun 'ya'yan kabewa ko gutsattsarin gasasshen burodi, wani lokaci kuma in soya kumin kaɗan a cokalin bota in zuba a kai yana ƙara. Abin da ya rage a juye shi a kwano mai faɗi don ya huce da wuri, a sa a firij kafin awa 2 ta cika, zai kai kwana 3 zuwa 4 lafiya lau. Washegari takan fi daɗi, ta kuma ƙara kauri har cokali ya kusa tsayawa a ciki, sai a tsinka da ɗan romon da aka rage, a ɗumama a hankali ba tare da ta tafasa ba. Idan da niyyar daskarar da ita ne, nakan ɗebi rabon firiza tun kafin in zuba madara, in ƙara madarar da lemun tsamin a ranar da zan ɗumama.