Zuwa aiki kullum da tsohuwar Marsandi a Kaduna

Wanda ya taɓa zagaya wuraren sayar da motoci a Kaduna zai ga Marsandi mai shekara goma sha biyar da Corolla sa'arta kusan kuɗinsu ɗaya, wani lokaci ma Corollar ta ɗara. Alhali ranar da suka fito daga kamfani, kuɗin Marsandin zai sayi Corolla uku. Dillalai sun san dalili, makanikai ma sun sani. Farashin motar manya yana sauka da shekaru, amma cin mai da kuɗin kayan gyaranta suna nan inda suke, na mai kuɗin da aka ƙera ta dominsa. Na san haka kafin in saya, kuma na saya, don tun ina yaro nake son motar. Abin da sai da na zauna da ita na fahimta shi ne, zirga-zirgar gida da ofis, wadda mutane ke ɗauka aiki mai sauƙi, ita ce ta fi wahalar da irin wannan mota.

Tawa Mercedes-Benz E350 ce ƙirar 2008, cikin jerin da ake kira W211, wanda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009. Injinta silinda shida ne, lita 3.5, giyarta mai canza kanta ce, hawa bakwai. A 2021 na saye ta, 'yar Amurka ce da ta shigo ta tashar ruwan Legas. Tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka duk wanda ya ce maka motarsa sabuwar zuwa ce daga Kwatano, ka fara da takardun kwastan kafin ka ko buɗe bonet. Na kuma biya aka duba mini tarihinta da lambar nan mai harufa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba, don motocin Amurka da yawa da ke zuwa nan ko dai sun yi haɗari ko ambaliya ta ci su, wasu kuma an mayar da mitar tafiyarsu baya.

Da gangan na zaɓi ƙirar 2008. Waɗanda aka yi kafin tsakiyar 2006 suna da birki mai aiki da lantarki da famfo na musamman, SBC, wanda gyaransa sai da kwamfuta da kuɗi masu kauri. Daga baya aka koma birki irin na kowa. Haka kuma na guji mai shokozoba na iska, na nemi mai sifirin na ƙarfe. Mai iskar ta fi daɗin zama, babu gardama, amma ranar da jakar iska ta huje za ka fito da safe ka tarar mota ta durƙusa a ƙasa. Na kuma dage sai an ba ni makulli biyu, don makullinta na lantarki ne, ba wanda mai yanka makulli na bakin kasuwa zai yi maka ba.

A Rafin Guza nake zaune, a Kakuri nake aiki, wato ina ratsa garin daga arewa zuwa kudu kowace safiya. In fito Kawo, in bi titin Ali Akilu, in shiga Ahmadu Bello Way, in gangara shataletalen Stadium, in haye gadar kogin Kaduna zuwa Station, sannan Kakuri. Tun da aka buɗe sabuwar gadar Kawo a 2022 an samu sauƙi ta wajenmu, amma daga Stadium zuwa Station da safe da kuma bayan la'asar har yanzu tafiyar taku ɗaya-ɗaya ce, ga Keke ta dama, ga mai babur ta hagu. Wata rana ina kaucewa ta gadar Kabala Costain in ɓulla Barnawa. Titin Nnamdi Azikiwe kuwa na bar wa tireloli.

A nan matsalar take. An yi wannan mota ne don doguwar hanya, ta ɗauki gudu ta zauna a kansa na sa'o'i. A cunkoso kuwa inji na aiki, mota ba ta tafiya, iska ba ta ratsa lagireto, na'urar sanyaya ciki tana ja, giya tana kai da komowa tsakanin na ɗaya da na uku. Mita za ta nuna maka tafiya kaɗan ka yi, amma inji ya yi aikin wanda ya je Zariya ya dawo. Shi ya sa na daina jiran kwamfutar motar ta ce lokacin juye ya yi. Lissafinta na ƙasar da babu ƙurar hunturu ne. Ina yin juye da wuri, kusan duk kilomita dubu biyar, kuma injin lita takwas na baƙin mai yake sha, mai lambar amincewa 229.5 a jikin galan. Baƙin mai na jabu ya yi yawa a kasuwa, har mai irin galan da tambarin na gaske, saboda haka wuri ɗaya nake saya, kuma a gabana ake ɓalle murfin.

Ƙura ita ce ta biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, matatan iska biyu da ke cikin murfin inji suna cika cikin 'yan makonni. Yaran gareji sun saba su ciro su, su hura musu iska mai ƙarfi, su mayar. Hakan yana yaga takardar ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta kwanta a kan na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji. Daga nan mota ta fara shan mai fiye da ƙa'ida, ta riƙa sarƙewa idan ka taka totur. Sauya matata ya fi sauya wannan na'ura araha nesa ba kusa ba.

Sai dai babban abin da ke raya irin wannan mota ko ya kashe ta shi ne hannun da ke taɓa ta. A zafin watan Maris na shekarar da ta biyo bayan sayenta, allurar zafi ta fara hawa duk lokacin da na tsaya a cunkoso. Makanike na farko da na kai wa ko durƙusawa bai yi ba, ya ce, "Alhaji, ai wannan tamostat ɗin na ƙasar sanyi ne. Mu cire shi, mu haɗa fanka kai tsaye, ka huta." Na yi masa godiya na ja motata. Wannan shawara ta kashe injuna da yawa a garin nan. Aikin tamostat shi ne ya riƙe inji a zafin da aka tsara masa. Idan babu shi inji ba ya kai wa zafin, kwamfuta ta ɗauka har yanzu yana sanyi ta ci gaba da ƙara mai, man ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo a Kurmin Mashi wanda ba ya taɓa komai sai motocin Jamus. Ya jona kwamfutarsa, ya karanta, sannan ya haska tocila tsakanin lagireto da na na'urar sanyi. Ƙura da ganye da gutsuren leda sun yi kirtani sun toshe wajen. Aka kwance aka wanke, zafi ya koma inda yake. Ya tambaye ni me ke cikin lagireton, na ce ruwan sanyaya inji ne na galan. Ya ce, "To kar ka bari kowa ya zuba maka ruwan rijiya, Malam. Injin nan alminiyam ne, ruwan yana cinsa ta ciki." Tun daga ranar ban sake kai ta wajen wani ba, ko da zan jira shi kwana biyu.

Shi ne ya nuna mini cewa giyar ba ta da sandar auna mai ma sam. Ta ƙasa ake zuba mata, a wani zafi da aka ƙayyade, kuma manta daban ne, mai lamba 236.14. Wanda ya zuba mata man giyar da ake sa wa kowace mota, ba za ta nuna a ranar ba, sai bayan watanni ta fara fizga. Batirinta kuma a but yake, kuma gajeriyar tafiya da fitilu da sanyi a kunne ba ta isa ta cika shi. Idan ya yi rauni, sai allon gaban direba ya cika da gargaɗi iri-iri, birki, sitiyari, komai. Na ga wanda aka sa shi sayen kaya masu tsada a kan haka, alhali batir ne kawai ya gaji.

Kullum ina wucewa kusa da kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, sai in tuna 504 ɗin mahaifinmu. Ita ma a zamaninta motar manyan ma'aikatan gwamnati ce, amma kowane makanike a gindin bishiya ya san cikinta, kayanta kuma a garin nan suke. Motar manya ta yanzu ba haka take ba. Ƙananan kaya irin su takalmin birki, fulogi da matata ana samu a shagunan kayan mota na Oriapata a nan Kaduna. Panteka tana taimako da kayan jiki, fitila ko madubi ko bamba. Amma abin da ya shafi lantarki ko cikin giya sau da yawa sai an aiko daga kasuwar Ladipo a Legas, ka biya kafin ka gani, ka jira mota ta kawo. A kwanakin jiran nan Keke ce abin hawana, kuma duk mai shirin riƙe irin wannan a matsayin motarsa ɗaya tilo ya sa wannan a lissafi.

Ƙafafu ma suna cin nasu. Motar a ƙasa take, tayarta 245/45 R17 siririn gefe gare ta, layinmu kuma babu kwalta. Da damina, idan ruwa ya zaizaye hanya, sai na bi a karkace kar cikinta ya daki ƙasa, kuma ba na shiga ruwan da ban ga zurfinsa ba, don idan inji ya shaƙi ruwa an gama. Bushin da boljoyin na gaba su ne abin da na fi sauyawa. Taya kuwa na daina sayen ta hannu. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma yawancin na hannun sun tsufa tun kafin su hau jirgi.

Sai mai. Tankinta lita 80 ne, kuma a hanyata ta yau da kullum lita ɗaya ba ta wuce kilomita shida zuwa bakwai. Lokacin da na saya, lita ba ta kai naira 200 ba, wajen naira dubu goma sha biyar ke cika tanki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tankin nan ɗaya ya koma sama da naira dubu tamanin. A lokaci guda darajar naira ta faɗi, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan gyara da duk daga waje suke zuwa suka bi ta. Da yawa cikin masu irin motata sun jingine su a gida, wasu sun sayar da asara. Na yi tunanin mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, amma tukunyar za ta cinye but, kuma dattijon nan bai ba ni ƙwarin gwiwa ba. Abin da na yi shi ne, ni da maƙwabcina da ke aiki a Barnawa muka fara karɓa-karɓa, mako ɗaya motata, mako ɗaya tasa. Sannan duk wata, albashi na shigowa, nake ware kuɗin gyara a wani asusu daban ko da babu abin da ya lalace. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuɗin da ba ya cikin kowane rasit. Mai faci yana ganin tambarin gaban mota zai ƙara farashi, haka mai tumatir a Kasuwar Kawo. A wajen ɗaurin aure maroƙa kai za su fara tara. Duk bikin dangi, "Yaya, motarka ce za ta ɗauki amarya," kuma ba a cewa a'a, man ma kai za ka zuba. Wasu 'yan uwa sun ɗauka na samu wata hanyar kuɗi, buƙatu suka ƙaru. Uwargida ta fi ni jin wannan, don ita ake fara bi. Ga kuma batun tsaro: ba na hawa hanyar Abuja da ita bayan magariba, sau da yawa ma jirgin ƙasa nake bi daga Rigasa, don mota mai ɗaukar ido ba abin so ba ce a wannan hanya.

Duk da haka ban sayar ba, kuma ba don kunyar mutane ba. Bayan sa'a ɗaya a cunkoso ina sauka bayana bai ƙage ba, ƙarar titi ba ta cika mini kai ba. Nauyinta da ƙarfin jikinta suna kwantar mini da hankali idan yara na baya. Kusan duk ƙarshen wata ina kai mahaifiyarmu Zariya, kilomita tamanin ko kusa da haka, kuma da zarar mun wuce Maraban Jos ta shiga giya na bakwai, inji ya yi shiru, shan mai ya sauka har lita ta kai kilomita goma ko fiye. Hajiya, da ciwon gwiwa ke hana ta doguwar tafiya, a wannan motar kaɗai take yarda ta zauna. Dattijon Kurmin Mashi ya ce tafiyar tana yi wa motar kanta amfani, batir ya cika, danshin da ya taru a baƙin mai da salansa ya ƙone, shi ya sa ko ba ni da uzuri nake fita da ita babbar hanya lokaci-lokaci.

Yanzu abin da ke gabana shi ne juyen man giya da sauya robobin da ke riƙe inji, waɗanda suka fara sa sitiyari rawa idan na tsaya a danja. Kayan sun iso daga Legas, suna but. Mun yi da dattijon ranar Asabar bayan sallar asuba, don yana son motar ta kwana ta huce kafin ya kwance ƙasan giyar.