Ran da kan babur ya yi mini rawa a hanyar Badagishiri

Akwai tabo a gwiwar hannuna ta hagu, kuma ba wanda ya jawo mini shi sai ni kaina. Na taso daga Badagishiri zan koma Tawa da buhun albasa biyu, na ɗaure su can ƙarshen ƙarfen kaya, bayan sirdi, ina sauri in riski Magariba a gida. Allura ta kai wajen 90, tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami, sai kan babur ya kama kaɗawa hagu da dama kamar tarwaɗa a hannun masunci. Tsoro ya sa na ƙanƙame shi da duk ƙarfina, na kuma damƙe birkin gaba. Ban ankara ba sai ga ni a ƙasa, albasa na gangarawa cikin kwari. Ko kaske babu a kaina, Allah ne kawai ya sa da sauran kwana.

Ƙannena, duka biyun da na yi kuskure ne. Hannu ba ya iya kama wannan rawar, don tana zuwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. In ka sandare, rawar sai ta bi hannunka ta shiga jikin babur gaba ɗaya. Birkin gaba kuwa shi ke kayar da mutum. Abin yi shi ne ka sassauta riƙo ba tare da ka saki ba, ka matse tanki da gwiwoyi, ka duƙa gaba don nauyi ya koma kan tayar gaba, sannan ka riƙa rage wuta a hankali. Kar ka sake ta gaba ɗaya lokaci guda. In gudu ya sauka, rawar takan lafa, sai ka taɓa birkin baya kaɗan ka ratse gefe.

Kashegari na kai babur ɗin wurin wani bakanike, yaro ne ma a kaina. Ya ɗora shi kan jaki na tsakiya, tayar gaba ta tashi, ya kama ƙafafun gaba ya ja ya tura. Muka ji ƙwas, ƙwas a wuya. Ya ce, "Yaya, ai baburin nan ya daɗe yana yi maka magana." Gaskiya ya faɗa. Kusan wata biyu ina jin wannan ƙarar in na taka birki, ina cewa sai na samu sarari. Boris ɗin wuya ya ci, ya yi sako-sako. Ya bi wayoyin taya da sifana yana ƙwanƙwasawa: mai ƙarfi ta yi ƙara ƙal, sakakkiya ta yi bus. Huɗu ya samu sakakku. Iskar gaba kuma ta ragu sosai, ni da yatsa nake gwada ta, wai na iya.

Yatsa ba ma'auni ba ne. Ku sa mai faci ya auna da agogon awon iska, da safe kafin taya ta yi zafi. Yawancin babura masu inji 125cc suna son kusan kilo 1.75 a gaba, 2 zuwa 2.25 a baya, amma ku duba takardar da ke manne kusa da sarƙa. Tayar da ta cinye gefe ɗaya ko ta yi tudu-tudu, a canza ta, faci ba ya gyara wannan.

Sai kaya. Duk abin da ya wuce tsakiyar tayar baya yana ɗage gaba, tayar ta rage kama ƙasa. Ƴan kabu-kabu masu ɗaukar mutum da buhunsa, ku ja nauyin ya matso kusa da bayanku, ku ɗaure shi kam, ku rage gudu.

In birkin gabanku na faifai ne mai aiki da mai, bayan rawa mai ƙarfi ku matsa shi sau biyu ko uku kafin ku ci gaba, don girgizar takan ture takalman birki baya, matsawar farko ta tafi a banza.