Shugaban makaranta da halin malamansa

Sabon malami kan gane abin da aka yarda da shi a makaranta cikin 'yan makonni da kama aiki. Yana lura da wanda ake yabo a taron malamai, da wanda ke makara ba a ce masa uffan, da wanda kullum ake turawa samun horo. Abin da ya gani shi yake bi, ko da takardar ƙa'idojin aiki ta faɗi wani abu dabam.

A 1939 masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin da abokan aikinsa sun gwada salon shugabanci uku a kan ƙungiyoyin yara maza a Amurka: kama-karya, shawara, da sakin akala. Yaran da ke hannun mai tsare gida sun yi aiki muddin yana tsaye a kansu, da ya fita sai aikin ya yi sanyi. Na mai shawara kuwa suka ci gaba da abinsu. A makaranta ma tsoro aikin ganin ido yake haifarwa: littafin tsarin darasi a cike, an sa hannu, amma littattafan ɗalibai sun yi wata ba wanda ya duba.

Abin ya fi muni idan aka rataya makomar malami a kan sakamakon jarrabawa kaɗai. A 2011 binciken gwamnatin jihar Jojiya ta Amurka ya gano malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 na birnin Atlanta da hannu a maguɗi, har da goge amsoshin ɗalibai a gyara su. Rahoton ya yi nuni da burin da ya wuce ƙima, da tsoratarwa, da ramuwar gayya ga masu tona asiri. A 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi. Matakan kariya ba su da tsada: kada malami ya tsare jarrabawar darasin da ya koyar, a zari takardu kamar goma daga kowane aji wani malamin ya sake duba makin, kuma a auna malami da zuwa aiki da ziyarar aji da ci gaban ɗaliban da ya karɓa.

Sai batun ƙarfafa gwiwa. Masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg ya bambanta abubuwa biyu tun 1959: albashi da yanayin aiki suna kawar da ƙorafi, himma kuwa daga yabawa da amana da damar ci gaba take zuwa. Sau da yawa albashi ba ya hannun shugaba, amma rabon jadawalin darussa da ba da izini suna hannunsa. Idan ya fifita 'yan gaban goshi a nan, sauran za su fara biyan kansu da kansu: tashi kafin lokaci, ko riƙe wani sashe na manhaja sai a darasin kuɗi.

Ladabtarwa ta bi mataki, kuma iri ɗaya ga kowa. A fara da magana a ofis, ba a gaban ɗalibai ba, sai gargaɗi a rubuce mai kwanan wata, sannan takardar tuhuma da damar kare kai gaban kwamiti. Cin zarafin ɗalibi kuwa ba ya cikin wannan jeri. A raba malamin da yaran nan take, a kai rahoto ga hukuma, saboda sulhun cikin gida ko canza masa makaranta ba komai ba ne illa kai shi ga wasu yaran.