Wata Huɗu a Bayan Garmar Mutanen 1850

Ina karatun kimiyyar ƙasar noma a jami'ar jihar Ayowa da ke garin Ames, a Amurka, na ga sanarwar neman ma'aikatan wucin gadi a wata gonar tarihi da ke tsakiyar jihar. A irin wannan gona ana noma yadda aka yi a shekarar 1850, da shanu da gatari da murhun itace, baƙi su zo su kalla su yi tambaya. Na nema da ƙwarin gwiwa, don ni ɗan manomi ne, a wata tunga ta kudancin Katsina aka yanke cibiyata, kuma kakana ne ya sare dajin wurin. Tun ina ɗan shekara 10 nake jan shanun huɗa. Suka ɗauke ni daga Mayu zuwa ƙarshen Agusta. Sharaɗi ɗaya na gindaya, cewa ba zan taɓa naman alade ba, suka amince ba musu, ko da yake masara da naman alade su ne cimar gidan da muke nuna rayuwarsa.

Gidan ɗaki ɗaya ne na gumagumai, an liƙe tsakaninsu da laka, da murhu a jikin bango da ɗan bene inda yara ke kwana. Ba sunan wani mutum guda aka ba shi ba. Misali ne na iyalan da suka taso daga Ohayo da Indiyana a keken shanu, suka sayi ƙasa daga gwamnati a kan dala 1.25 kowace eka, kuma da yawansu Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Metodis. Wanda aka haɗa ni da shi wani dattijo ne mai kula da shanu, shi ma ɗan Metodis, jikan jikan irin waɗannan mutane. Baba nake ce masa, da na gaya masa ma'anar kalmar ya karɓa da murna, shi kuma yana ce mini ɗana.

A makon farko shanun suka ƙi ni. A gida igiya ce a hancin sa, yaro na gaba yana ja, mai garma na baya yana tsawa. A nan babu igiya ko ɗaya. Karkiya ce ta katako a wuyansu, mutum yana tafiya ta hagunsu da 'yar tsumagiya, da murya yake juya su: "ji" su yi dama, "ho" su yi hagu. Ni kuwa na saba da ɗaga murya. Da na daka musu tsawa sai na ɓangarena ya sunkuyar da kai ya ja baya, ɗayan ya yi gaba, garma ta fita daga layi ta tuge masara wajen taku 20. Baba bai ce komai ba sai da ya kwantar da su, yana shafa wuyan kowanne yana magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, "Ɗana, sa ba ya mantuwa. In ka tsorata shi yau, mako guda za ka yi kana biyan bashin." Haka kuwa aka yi. Kwana 8 na yi ina kai musu ingirici da ruwa, ina share musu jiki, kafin su sake yarda su bi muryata.

Wannan ma ƙasa ce da aka daɗe ana nomawa. Wadda mutanen 1850 suka tarar daban ce. Filin ciyawa ne iya ganinka, ciyawa mai kama da gamba, wani wuri ta fi mutum tsawo, saiwoyinta sun saƙe da juna kamar tabarma, wasu sun nutsa fiye da mita 2. Baba ya taɓa miƙo mini wani ɓangare da aka yanko daga filin da aka sake shuka irin ciyawar, ya ce in raba shi da hannu. Na ja har yatsuna suka yi ja, ko motsi bai yi ba. Fasa irin wannan ƙasa sai babbar garma da shanu 6 zuwa 10 a jere, kuma sau da yawa ladan mai fasawa ya fi kuɗin sayen ƙasar kanta. A watan Mayu da Yuni ake yi, don ciyawar da aka kife ta samu ruɓewa kafin sanyi. A shekarar farko ba a iya yin kunya, da gatari ake sara ƙasar a jefa ƙwayar masara a taka. Ga ƙasar baƙa mai danƙo, tana manne wa garmar ƙarfen zubi, sai an riƙa tsayawa ana kankarewa, abin da ya sa garmar da John Deere ya ƙera da gogaggen ƙarfe a Ilinoi a 1837 ta samu karɓuwa. Yau Ayowa ce kan gaba a noman masara a duk Amurka, kuma abin da ya rage na wancan filin ciyawa bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba.

Aikin da ya fi cin jikina shi ne shinge. A zamanin, dabbobi ake saki su yi kiwo, gona ake killacewa. Gungume mai tsawon kamar mita 3 za ka kwantar, ka kafa masa ƙarfe a baki, ka yi ta dukansa da gudumar katako har ya tsage, ka sake tsaga kowane ɓari, sannan a jera su a karkace ba ƙusa ba igiya. Ranar farko guda 11 na tsaga, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Wata ranar Laraba na sauke itace uku na shingen don shigar da keken shanu, na manta ban mayar ba. Kafin la'asar aladu sun shiga masarar da ta fara goyo. Da na ga ɓarnar sai zuciyata ta tsinke, don na san a wurinmu abin nuni ne kawai, amma ga mai gidan 1850 abincin watan Fabrairu ne ya tafi, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe hanya kuma babu kasuwa kusa.

Ina zuwa wurin da tunanin cewa waɗannan mutane ƙarfin damtse ne ya zaunar da su, kowa shi kaɗai da gatarinsa. Abin da ya sauya mini tunani wata 'yar takarda ce. Wata rana ruwa ya hana aiki, muna zaune a bakin murhu, Baba ya ciro ta daga tsohon Littafi Mai Tsarki na gidansu. Ba ta kai tafin hannu ba, ta yi ruwan ƙasa, gefenta ya cinye. Akwai aya guda da aka buga a tsakiya, a ƙasa kuma sunan kakar kakarsa da sa hannun mai wa'azi da tawada. Ya ce tikitin aji ne. 'Yan Metodis, bisa tsarin da John Wesley ya kafa a Ingila, suna kasa kansu rukuni-rukuni na mutum kamar 12, su haɗu kowane mako a ɗakin ɗayansu, shugaban aji ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar halin da zuciyar kowa take ciki. Duk wata uku ake sabunta tikitin, wanda ya yi sakaci da zuwa ko ya ƙi gyara halinsa sai a hana shi. Da shi ake shiga liyafar ƙauna, inda ake rufe ƙofa a raba burodi da ruwa, kowa ya faɗi abin da Allah ya yi masa.

Dokokin da ake binsu da su ba na ibada kaɗai ba ne. An hana maye da sayar da barasa, an hana aiki da ciniki ran Lahadi, an hana cin bashin da mutum ya san da wuya ya biya, har yawan surutu wajen saye da sayarwa an hana. Da na ji wannan sai na fara fahimtar yadda mutum zai ba maƙwabcinsa aron shanu a tsakiyar huɗa ba takarda ba shaida. Mutanen da za su zo su ɗaga maka gumaguman ɗaki, su taya ka ɓarar masara, su zauna da matarka ranar haihuwa, su ne dai waɗanda suka ji ka da bakinka kana faɗin laifinka ranar Lahadi. Aikin gayya ne irin namu, sai dai an ɗaure shi da tsoron Allah da kunyar ido. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a ganina wannan aji shi ya ba su sauran hannuwan.

Mai wa'azi kuwa baƙo ne. A kan doki yake zagaye, da littattafai a jakar sirdi, sai ya yi mako huɗu ko fiye kafin ya sake biyowa, ya kwana a benen yara, ya ɗaura aure, ya yi baftisma, ya wuce. Francis Asbury, jagoran irin waɗannan masu wa'azi, wanda ya zo Amurka a 1771, shekara 45 ya yi yana wannan yawo har ya rasu a 1816. Wani mai wa'azin, Peter Cartwright, ya bar Kentaki ya koma Ilinoi a 1824, ɗaya daga dalilansa ƙin renon 'ya'yansa a ƙasar da ake mallakar bayi, kuma shi ne ya yi takarar majalisa da Abraham Lincoln a 1846 ya sha kaye. Batun bayin ma shi ya tsaga ɗariƙar gida biyu a 1844. A Ayowa 'yan Metodis ne suka gina majami'ar farko, ta gumagumai, a garin Dubuque a 1834, wadda ta zama makaranta da kotu a lokaci guda. Zuwa 1850 babu ɗariƙar da ta kai su yawa a Amurka.

Ni Musulmi ne, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. In azahar ta yi sai in miƙa wa Baba tsumagiya, in yi alwala a bakin rijiya, in shimfiɗa buhu a bayan rumbun masara. Bai taɓa duba agogo ba. Wata rana na sallame na tarar ya cire malafarsa yana tsaye a gefen shanu, idonsa a rufe. Ya ce a gidan kakansa ba a fita gona sai an karanta sura guda an durƙusa, komai kyawun rana, komai hadarin da ke tafe. Na ce, "Baba, nawa kakan ma ba ya ɗaukar fartanya sai ya gama wuridinsa." Muka koma bakin aiki. Aƙidarmu ba ɗaya ba ce, kowannenmu ya sani, amma ban taɓa aiki da wanda ya girmama sallata kamarsa ba.

A watan Agusta ya kai ni maƙabartar danginsu, a kan wani tudu. Irin waɗannan tsofaffin maƙabartu suna cikin 'yan wuraren da garma ba ta taɓa shiga ba, don haka a nan na ga ainihin ciyawar da idona, ta kai mini kafaɗa, da furanni ruwan ɗorawa a tsakaninta. Muka riƙa buɗa ta da hannu muna karanta duwatsu. Ƙananan sun fi yawa, wasu da siffar ɗan rago a kai. Na ga guda uku a jere, sunan mahaifi ɗaya. Baba ya ce ƙarshen zafi shi ne lokacin masassara, mai sa mutum karkarwa yau, gobe ya tashi, jibi ta dawo. Na ce ai na san ta, zazzaɓin cizon sauro ne. Ya cika kwarin Misisipi a wancan zamani, kuma kwinin ne maganinsa ga wanda ya samu. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya haƙa waɗannan kaburbura uku da hannunsa, sannan ya koma yankan ingirici don sanyi ba ya jira, ran Lahadi kuma ya tsaya a gaban mutum 11 ya amsa tambayar yadda zuciyarsa take. Har yau in na tuna shi sai in ji girmansa a raina.

Sai dai akwai tambayar da baƙi ba su cika yi ba, wata yarinya 'yar makaranta ce ta yi mini ita: kafin su zo, gonar ta wace ce? Na ba ta amsar da aka koya mana, amma da na koma ɗaki na bi tarihin da kyau. A yarjejeniyar 1842 aka sa ƙabilun Sauk da Meskwaki, 'yan asalin ƙasar, suka sallama tsakiyar Ayowa, aka ba su shekara 3 su tashi zuwa Kansas. Da tsakar daren 11 ga Oktoba 1845 wa'adin ya cika, aka harba bindiga, masu jira suka kwasa da wutar yayi a hannu suna kafa turakun iyaka. Wato gidan da nake shara kullum, shekara 5 kacal ke tsakaninsa da tashin masu ƙasar, waɗanda su ma manoman masara da wake da kabewa ne. Wasu Meskwaki sun ƙi zaman Kansas suka dawo, a 1857 suka sayi eka 80 a gundumar Tama a kan dala 1,000, ninki 10 na farashin gwamnati, a ƙasar da take tasu. Jikokinsu suna nan a wurin har yanzu.

Na tambayi Baba ko an taɓa ta da wannan magana a taron aji. Ya daɗe yana goge karkiya da tsumma, sannan ya ce shi dai a gidansu bai taɓa jin an ambata ba, sai da ya girma ya karanta. Ya ce abin yana damunsa, kuma bai rage masa son kakanninsa ba. Na gaskata shi a duka biyun.

A daren da na ajiye aikin na kira mahaifina. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, lokacin da Kaka ya sare dajin tungarmu, ba kowa a wurin?" Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce mutum dai ba mai gida, amma Fulani suna mashekari a fadamar duk rani, kuma gonarmu ta gabas, wadda ta fi kowace ba da dawa, a kan burtalinsu take. Ya ce yana yaro ya sha ganin wani tsoho yana zuwa da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya a bakin shingen ya daɗe yana kallo, Kaka ya aika masa da fura.