Na gama kwas ɗin kodin, ga godiyata

Alhamdulillahi jama'a, jiya da daddare aka duba aikina na ƙarshe aka ce ya yi. Wata shida ke nan ina fama da kwas ɗin koyon gina shafukan yanar gizo ta intanet, kuma wallahi da ni kaɗai ne da tuni na tattara na ajiye, shi ya sa na ce godiyar nan a bainar jama'a zan yi ta.

Farko abin daɗi ne fa. HTML, yaren da ake kafa ginshiƙin shafi da shi, kamar wasa, ka rubuta layi biyu ka buɗe burawza ka ga abinka ɓaro-ɓaro, har na fara jin kaina wani ne. CSS, mai yi wa shafi tsari da kwalliya, ta ɗan ja ni, kwana biyu cur ina lallaɓa akwati ɗaya ya tsaya a tsakiyar shafi ya ƙi, ashe da Flexbox, wata dabarar jera abubuwa a CSS, layi uku ne kacal. Sai muka shiga JavaScript, yaren da ke sa shafi ya yi aiki in an taɓa shi, a nan ido ya raina fata. Ka haɗa 1 da 1 ta ba ka 11 wai don ɗayan rubutu ne ba lamba ba, ƙirgan jeri kuma daga sifili take farawa. Ranar da na ji cewa Brendan Eich cikin kwana goma ya fara haɗa ta a 1995 cewa na yi ai ga alama nan.

Malam, kai ne na farko. Ban san ko ka san yadda kake ba ni haushi a lokacin ba, in turo maka tambaya ina jiran amsa sai ka ce "me konsol ta ce?" (wato wurin da burawza ke nuna kurakurai da jan rubutu) shi ke nan. Akwai daren da na kwashe awa uku ina neman abin da ya kashe min shafi, na roƙe ka ka duba min ka ƙi, ka ce in karanta jan rubutun nan da ƙarfi, ina karantawa kuwa sai ga lambar layin ƙiri-ƙiri, alamar baka ɗaya na manta ban rufe ba. Tun daga ranar na daina tsoron jan rubutu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi.

Sai 'yar'uwarmu ta rukunin aiki, ranar da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikinmu, ya rikice min na ɗauka na goge wa mutum huɗu aikin sati biyu, jikina har rawa yake, ke kuma ƙarfe ɗayan dare ne a wajenki amma kika hau Zoom kika nuna min duk abin da muka taɓa ajiyewa yana nan a GitHub, shafin da muke tara aikin a intanet, ba abin da ya ɓata. Ba ki ma faɗa wa sauran ba. Na gode ƙwarai.

Masu rubuta bayanan kodin a shafin MDN da masu amsa tambayoyin masu kodin a shafin Stack Overflow, ba ku san ni ba amma na ci guminku sosai.

Uwargida, haƙurinki ya fi ƙarfin rubutu, kina min magana ina "uhm uhm" hankalina na kan React, wani kayan aikin JavaScript. Umma kuma har yau ba ta san takamaimai me nake yi ba, amma kullum sai ta ce Allah ya sa albarka a aikin kwamfutar.

Aiki dai ban samu ba tukuna, yanzu zan fara nema, ku sa ni a addu'a.

Yaya, laftof ɗinka da ka ce in riƙe sati biyu, ga shi ta yi wata shida. Tana nan lafiya lau, sai dai maɓallin Ctrl da na Z, na soke kuskure, sun goge, zan gyara kafin in kawo maka.