Asabar ɗin da Tsohuwa ta yi tari

Agege, Asabar da daddare.

Sau uku na wanke hannu da omo da yashi, amma har yanzu in na kai loma baki warin fetur nake ji. Ƙanena ya ce in bar rubutun nan sai gobe. Na ce a'a, in na kwana zan manta abin da na kwance da abin da na ɗaure.

Yau kwana goma sha ɗaya da Tsohuwa ta shigo hannuna. Motar yankan ciyawa ce, irin wadda ake hawa a zauna, da sitiyarinta da kujerarta, kamar tarakta da ba ta gama girma ba. Wani ɗan garinmu mai sayen gwangwan ne ya ɗauko ta daga bayan wani gida a GRA ta Ikeja, inda ta yi shekaru a gindin mangwaro ruwa yana dukanta. Niyyarsa ya farfasa ta, ƙarfe gefe, alminiyon gefe, tagulla gefe, ya kai sikeli. Na ɗora masa wani abu a kan abin da sikeli zai ba shi, ya sallama. Kuɗin kuwa na takin gonar gida ne da nake ta tarawa. Da na faɗa wa uwargida a waya sai ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Na san irin wannan addu'ar.

Ba ganin dama ba ne ya sa na saya. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar ranar 1 ga Yunin 2022 na sayar da babur, na sayi injin ciyawa na ratayawa a kafaɗa. Da shi nake ci nake sha. Amma ciyawar Legas ba ta da kunya, in damina ta kankama ka yanke yau, sati biyu ta dawo ta tsaya tana kallonka. Filin ƙwallon makaranta guda yana cin min kwana biyu cur, da daddare kuma hannuna ya yi ta rawa shi kaɗai kamar injin yana nan a kunne. Kaskon Tsohuwa, wato rufin wuƙaƙen yanka da ke ƙasanta, faɗinsa inci 42 ne, sama da mita ɗaya ke nan a tafiya guda, kana zaune. Lissafin da ya hana ni barci ke nan.

Ana idar da sallar asuba na wuce rumfar Kawu a nan Zango. Ba ƙanin mahaifiyata ba ne, abokin babana ne tun suna samari, ya fi shekara talatin yana gyaran janareto a garin nan. Kwanakin baya duk wanki muka yi: muka zubar da ruɓaɓɓen fetur da ya koma ja kamar shayi, muka fitar da sheƙar ɓera daga ƙarƙashin murfin inji, muka juye tsohon baƙin mai muka zuba sabo, kusan lita ɗaya da rabi ta sha. Sunan da ke jikin motar rana ta cinye shi, amma na injin yana nan, Briggs & Stratton, na Milwaukee a Amurka. Kawu ya goge murfin bawul da tsumma ya nuna min lambobi jeri uku da aka buga a jikin ƙarfen. Ya ce na ƙarshen shi ne ranar haihuwa, lambobi biyu na farko shekara ce. Na duba, 06. "Ta 2006 ce," in ji shi. "Ta girmi ɗanka na fari, ka riƙa yi mata magana da ladabi."

Kayan Amurka akwai taurin kai a wajen noti. Sifana mai lamba 12 ba ta shiga, mai lamba 13 kuma ta shiga tana wasa, in ka matsa sai ta cinye kan notin. Nasu awon na inci ne, rabin inci kuwa yana tsakanin biyun. Sai da Kawu ya tono wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci, cike da sifanun inci da ya ce tun zamanin manyan janaretocin kamfanoni yake ajiye da su.

Muka aro batir a wajen wani mai keke napep. Na hau, na taka birki, na murɗa makulli. Injin ya juya rabi ya ce "ƙuuu," ya tsaya cak, kamar jakin da ya ga gada. Na sake, haka. Na ce batir ne. Muka kawo na mota, haka. Na ce to kik ne, wato abin da ke tayar da inji, ya mutu, har na fara lissafin abin da sabo zai ci a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, gabana yana faɗuwa.

Kawu bai ce min komai ba. Ya kwance fulogi ya ajiye, ya ce in sake murɗawa. Sai ga inji yana juyawa fir-fir kamar fanka.

"Kik ɗinka lafiyarsa lau, yaro. Numfashi ne ya yi mata yawa."

Ya buɗe murfin bawul, ya kama ɗaya daga cikin ƙarafan da ke danna bawul ɗin ya girgiza, na ji yana ƙwas-ƙwas. Ya bayyana min yadda abin yake. Injin silinda ɗaya mai girman wannan, in fistin ya taso ya matse iska, ƙaramin kik ba ya iya tura shi ya wuce. Shi ya sa aka sa wani ɗan ƙulli a ciki da ke ɗaga bawul ɗaya kaɗan, kamar kaurin gashi, lokacin tayarwa kawai, iska ta ɗan sulale. In inji ya kama gudu ƙullin ya kauce da kansa. To in shekaru suka sa tazarar bawul ta buɗe, ɗagawar nan sai ta ɓace a cikin tazarar, bawul bai motsa ba, kik ya yi ta nishi a banza. Ya ce ya ga mutane da yawa sun sayi batir, sun sayi kik, ƙarshe sun jefar da inji mai rai saboda wannan. Wataƙila abin da ya kai Tsohuwa gindin mangwaro ke nan.

Ya aike ni shago na sayo reza, irin ta aski mai baki biyu. Kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kusan daidai da tazarar da ake so. Ya zura sukundireba ta ramin fulogi, ya juya injin da tafin hannu har fistin ya kai ƙarshen sama ya ɗan fara komawa, sannan ya zura rezar tsakanin bawul da ƙarfen, yana ɗaure notin a hankali, yana jan rezar yana mayarwa. Idonsa ba a kan aikin yake ba, yana kallon titi ne, yatsunsa ke saurare. "Ka ji? Ta riƙe amma ba ta cije ba." Ya ba ni na ja. Na ji. Na ɓangaren hayaƙi ya bar shi ya ɗan fi sakewa. Rezar naira nawa ce, kik nawa ne?

Yanzu tana juyawa da fulogi a ciki, amma ba ta kama ba. Wannan kam aikina ne, kafireto na san shi tun ina kan babur. Na kwance kofin ƙasa na tarar da wani abu kore-kore mai danƙo kamar ƙaro. Na jiƙa a fetur, na zaro sili ɗaya daga tsohuwar wayar birki na tsokane ramin jet har na hango haske ta ciki, na hura da baki, na tofar. A gindin kofin akwai wani ɗan abu mai waya da ke rufe hanyar mai in an kashe makulli, shi ma ya ƙage, na yi ta wasa da shi har ya fara cewa "ƙyas" in an murɗa.

Wajen ƙarfe goma ta yi tari. Sau ɗaya, sau biyu, sannan ta ɗauka da wata irin ƙara, farin hayaƙi ya cika rumfa, busasshen ganye da kashin ɓera suka yi ta fitowa daga salansa. Mai shayin da ke gefenmu ya rufe burodinsa yana faɗa. Ni kuwa dariya nake yi kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji. Kawu ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani. Kashe, fetur ba ruwan rijiya ba ne." Gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 lita biyu nake saya a galan, ina kallonta kamar turare.

Daga nan na kama danfo zuwa Oshodi, na ƙarasa Ladipo da tsohon bel ɗin da ke juya wuƙaƙe a wuya da boris biyu a aljihu. Boris bai ba ni wahala ba, 6203 ne, irin wanda ke jikin babura, a shagon farko na samu. Bel ɗin ne ya zagaya da ni kasuwa. Kowa ya karɓa ya miƙe shi ya girgiza kai, yaran kasuwa suna ja na, "Malam, zo, akwai a wajen ogana." Ƙarshe wani Ibo ya auna da igiya ya kawo min na injin niƙa mai tsawo ɗaya. Ya faɗa min gaskiya da broka, ya ce na asalin da rigar zare yake zuwa, saboda yana lanƙwasa gaba da baya a kan fuli, wannan kuwa roba ce tsirara, ba zai ɗauki alhaki ba. Na ce kawo. Araha ba ta ado, na sani, amma aljihu ne ke magana.

Na dawo bayan azahar jiƙe da gumi. Muka buga boris, muka cusa giris, muka wasa wuƙaƙen biyu. Kawu ya rataya kowacce a kan ƙusa ta ramin tsakiya, wadda ta rinjaya gefe ya ƙara goge wannan gefen har ta tsaya daidai. Mai faci ya sa wa tayar baya tub ɗin keke napep, tun da duk rim mai inci 8 ne, ko da yake tayar Tsohuwa ta fi faɗi nesa ba kusa ba.

Sai rigimar kujera. In na tayar da ita birki a take, lafiya lau. Ina sakin birki sai ta mutu. Sau biyar. Wani yaro mai gyaran waya da ke leƙe ya ɗaga kujerar ya nuna wani ɗan makunni a ƙarƙashi. Shi ne ke gaya wa inji akwai mutum a zaune, in babu nauyi ya kashe wuta. Tsatsa ta cinye shi, soson kujerar kuma ya zube, nauyina ba ya isa wurin. Yaron ya ce minti biyu, ya zagaye shi da waya a huta.

In faɗi gaskiya, bayan yaron nake. Rana tana tafiya, hadari yana haɗuwa ta gabas, ni kuma ina so in ga ciyawa ta faɗi yau. Na ce, "Kawu, ku bari a haɗa kawai, in na samu kuɗi na sayi sabo."

Ya ajiye sifana. "Ina za ka yi aiki da ita?"

"Filin makaranta."

"Wuƙa biyu ne a ƙasa, kowacce ta kai tsawon hannunka. Ranar da taya ta faɗa rami ka wuntsila, wa zai tsayar da ita? Ko ka sauka ɗauke dutse ka manta, yaro ya biyo ƙwallo? A rumfata ba za a yanke wayar nan ba. In kana so ka tura ta gaba."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Awa guda muka ɓata. Ya ɓalle makunnin da bakin wuƙa, ya goge 'yan tagullar ciki da sanfefa har suka yi ƙyalli, ya mayar. Ya yanko gutsuren tsohon silifa ya cusa ƙarƙashin soson daidai inda zai danna. Na zauna, na saki birki, tana ci. Ya ce, "Tashi." Na ɗaga jiki kaɗan, ta yi shiru nan take. Na zauna da sauri kafin ta gama mutuwa, ta sake ɗauka. Ya sa na yi haka sau uku, yara suna dariya, sun ɗauka wasa nake.

Bayan la'asar muka nufi filin wata firamare da maigadinta ɗan'uwa ne. A giya ta ɗaya na tafi, ƙanena a gaba yana kore awaki, yara kusan ashirin a baya, Hausawa da Yarbawa, suna ihun "tarakta, tarakta." Wata mai gasa masara ta tashi tsaye tana tafa min.

Na saita tsayin kasko, na tura hannun da ke kunna wuƙaƙe. Kujerar ta ɗauki rawa, sai ciyawa ta fara feshi ta gefen dama, kore shar, ƙamshinta ya bugi hancina. Na kai ƙarshen fili na waiwaya. Layi ɗaya miƙaƙƙe, fes, kamar an yi wa filin aski da reza. Abin da nake yi a rabin awa ina karkace da kafaɗa, na yi shi kafin in gama karanta Fatiha da ƙulhuwallahu uku.

Layi na biyu lafiya. A tsakiyar na uku na ji warin roba, sai "fat," wuƙaƙe suka tsaya, injin yana ta gudu shi kaɗai. Na kashe na leƙa. Bel ya sauka daga fuli, gefensa ɗaya ya ƙone ya yi baƙi. Ga shi kuma tayar baya ta fara kwanciya. Kawu ya tsuguna ya juya fulin tsakiya da yatsa, ya ce yana ɗan layi, a karkace yake, ba laifin bel ɗin kaɗai ba ne. Yayyafi ya fara. Muka sa ta a firi muka turo ta gida mu huɗu, ta fi buhun masara nauyi nesa.

Ƙanena ya ɗauki bidiyon layin farko, na tura wa uwargida ta WhatsApp. Ɗazu ta turo murya, ta ce yara sun kalla sau biyar, ƙaramin yana cewa Baba ya sayi mota. Sannan ta tambaya ko ta karɓi buhun taki ɗaya bashi a wajen yayanta kafin in turo. Na ce ta karɓa.

Litinin: fuli wajen mai walda, tub mai faɗi, sannan in tambayi masu kayan lambu ko ana samun bel mai rigar zare. Rezar tana cikin gwangwanin Kawu, ya ce kada in taɓa.